Zufan yaro da dare da warin shimfiɗa

Jiya a gidan suna wata ƙanwarmu ta kawo kukan ɗanta ɗan shekara 3, wai kullum sai ya tashi filo ya jiƙe sharkaf, katifa kuma sai tsami take duk da ba ya fitsarin kwance. Ai kuwa mata suka yi caa da shawarwari.

Yawanci dai ledar da take shimfiɗawa ƙarƙashin zanin gado suka ɗora wa laifi, ita ke riƙe zafi, in dole ne to ta ɗora tawul mai kauri a kai. A yi masa wanka da ruwa mai ɗumi bayan isha'i, riga ƴar shara ta auduga, a bar kayan roba ɗin nan na gwanjo. Katifa a fitar rana duk sati a juya ta, zanin gado kuma a jiƙa da ɗan ruwan khal kafin wanki, turaren wuta rufe warin kawai yake. Wata ta ce a cire gidan sauro, ni kam ban yarda ba, maleriya ta fi zufa.

Inna, wadda take aikin nas, ita ce ta ce yara dama kansu na zufa in barci ya yi nauyi, amma in akwai tarin da ya wuce sati 2, ko zazzaɓi ko rama, a kai shi asibiti a gwada tarin fuka, maganin kyauta ne a asibitin gwamnati.