Keji nawa ne zai ishi ɓerayen Masar biyu?

Maman Hanifa: Salam ƴan uwa, don Allah masu kiwon ɓeran Masar ku taimaka min da shawara. An ba yarana guda biyu, duk maza, an haɗo su da keji irin wanda ake sayarwa mai roba a ƙasa da waya a sama. Da farko lafiya lau suke zaune amma kwanan nan kullum sai faɗa, ɗaya yana bin ɗaya yana kaɗa haƙora kakakaka, ƙaramin ma ya daina fitowa cin abinci sai dare. Shin kejin ne ya musu kaɗan ko kuwa maza ne ba sa zama tare?

Baban Yusra: Wa alaikumussalam. Kafin komai ɗauko tef ki auna mana ƙasan kejin, tsawo da faɗi, daga ciki ba daga waje ba.

Maman Hanifa: Na auna yanzu, santimita 70 tsawo, 45 faɗi

Baban Yusra: To ai ga matsalar nan Hajiya. Wannan ko guda ɗaya bai isa ba balle biyu. Ƙungiyar Humane Society ta Amurka ta fitar da awo wanda yawancin masu kiwon nan ke bi: guda ɗaya aƙalla ƙafa murabba'i 7.5, wato kamar inci 30 sau 36, a santimita kusan 76 sau 91. Guda biyu an fi so a ba su 10.5, inci 30 sau 50, kusan 76 sau 127. Uku kuma 13. Naki in kin lissafa bai kai ƙafa murabba'i uku da rabi ba, kin ga ko rabin na guda ɗaya bai cika ba. Kuma ki cire wajen ɗakin ɓuya da kwanon abinci da tulin ciyawa, me ya rage musu? Wajen juyawa kawai.

Anti Kulu: Gaskiya Baban Yusra ya faɗa, ni dai ƙari na shi ne tunda maza ne kada ma ki tsaya a 10.5 ɗin, ki nemi 13 in da hali. Mata sun fi haƙuri da juna, maza kuwa da sun fara balaga, wajen wata uku zuwa sama, kowa so yake ya nuna shi ne babba, kuma in wuri ya yi ƙunci wanda aka fi ƙarfi ba shi da inda zai gudu, shi ne faɗan ke zama na jini. Amma bin juna da hawan juna da wannan gurnanin suna karkaɗa ƙugu duk al'adarsu ce kar ya tsorata ki, sai in kin ga cizo da rauni shi ne za a raba su.

Sadiq: Anti ni fa ina ganin ana cika tsawwalawa. Abu ɗan mitsitsi haka a ce sai an ba shi kusan mita guda? In ɗaki ba fili ai sai a yi musu bene, a ɗora hawa biyu ko uku kamar yadda ake wa sauran ƙananan dabbobi, fili ya ninka kenan

Anti Kulu: Sadiq ɗan mitsitsi a ina, babba yana kai kilo ɗaya har ya wuce, tsawonsa santimita 20 zuwa 25. Kuma benen nan ba ya shiga lissafi. Su ba mahauya ba ne, ƙafafunsu gajeru jikinsu mai nauyi, rayuwarsu a ƙasa take, gudu suke so su yi a miƙe su zagayo su yi wannan tsallen nasu na murna kamar an tsikare su. Hawa uku ƙanana ba su ba shi wajen gudu ko ɗaya. Za ka iya ƙara ɗan bene a sama a matsayin ƙari, in dai matakalar ba ta miƙe sosai ba kuma tana da kariya a gefe, don suna faɗowa kuma ƙashinsu ba wuyar karyewa. Amma ƙasan ne abin aunawa.

Sadiq: To in ana fito da su kullum su zaga ɗaki fa? Ni haka nake yi da nawa

Baban Yusra: Yana da kyau sosai ka ci gaba, amma bai maye gurbin keji ba. Ka fito da su awa ɗaya, sauran awoyin fa? Su barcinsu guntu guntu ne, dare da rana suna tashi su ci su zaga, sau da yawa lokacin da suke son gudun kai kana barci. Kuma in ka sake su ka ɗauke wayoyin wuta daga ƙasa, komai gwaguya suke don haƙoransu ba sa daina tsawo.

Maman Hanifa: Ikon Allah, ni da na ɗauka tunda don su aka yi kejin shike nan. To yanzu ina zan samu mai girman haka, ban taɓa gani ba

Ummu Aiman: Yaya ba sai kin nema ba, haɗawa ake yi. Akwai wanda ake ce wa C&C, ragar ƙarfe ce murabba'i murabba'i irin ta haɗa kantar ajiye kaya, kowace kusan inci 14, sai a jera su a ɗaure a yi katanga, ƙasa kuma a yanka robar nan mai kama da kwali wadda ake allon talla da ita a lanƙwashe gefenta ta zama kamar faranti. Raga 2 sau 3 shi ne 7.5 ɗin, 2 sau 4 shi ne 10.5, 2 sau 5 kuma 13, kin ga lissafin ya zo da sauƙi, kuma daɗinsa in sun ƙaru sai ki ƙara raga kawai. Ki duba ramukan ragar su zama ƙanana, masu tara a jere, don masu manyan ramuka suna cusa kai ya maƙale musamman ƴan ƙanana. In ba kyanwa ko kare ko ƙananan yara masu sa hannu ko murfi ba ya buƙata, ba sa haurawa.

Malam Garba: In ba a samu ragar ba kafinta zai iya bugawa da katako, ni nawa haka yake. Abu biyu dai za a ja masa kunne. Na ɗaya kada ya sa waya a ƙasa wai don kashi ya zube, tafin ƙafarsu ba gashi, wayar na cin su har ƙafa ta kumbura ta yi gyambo kuma warkewarsa da wuya. Ƙasa a shafe, a shimfiɗa roba ko leda mai kauri kan katakon saboda fitsari, sannan a zuba abin shimfiɗa. Na biyu gefe ya zama raga iska na ratsawa. Kwalin gilashi irin na kifi ko babbar robar ajiye kaya kada a fara, warin fitsarin nan yana taruwa a ƙasa daidai hancinsu kuma su ciwon numfashi ba ya musu da wasa.

Anti Kulu: Yauwa Malam, wannan ma wani dalili ne na babban keji da mutane ba sa lura, ya fi ƙarami sauƙin shara. A ƙarami rana ɗaya ko'ina ya jiƙe suna kwance kan kashinsu, a babba kuwa sukan zaɓi kusurwa su fi yi a nan, sai ki kwashe wajen kullum ki canza duka sau ɗaya a sati.

Ummu Aiman: Sai kuma tsarin ciki tunda maza ne, komai bibbiyu. Ɗakin ɓuya biyu, kwano biyu, kwalbar ruwa biyu, ciyawa a wuri biyu nesa da juna, don babban ba zai iya tsare duka a lokaci guda ba. Ɗakin ɓuyan ya zama mai ƙofa biyu, in an biyo shi ta nan ya fice ta can, mai ƙofa ɗaya tarko ne. Ki jera kayan a gefe gefe ki bar tsakiya ko zagaye a buɗe. Kada ki sayi wilin gudu ko ƙwallon nan da ake sa dabba a ciki, bayansu ba ya lanƙwasa haka, yana ji musu ciwo.

Sadiq: To ba gara ta ba da ɗaya ba ta huta, guda ɗaya ai 7.5 ya ishe shi

Baban Yusra: A'a Sadiq, asalinsu daga tsaunukan Andes na Kudancin Amurka suke kuma a garke suke rayuwa, kaɗaici na damunsu. A ƙasar Suwizalan ma tun 2008 doka ta hana ajiye guda ɗaya tak. Kuma dubi bambancin, tsakanin kejin ɗaya da na biyu raga ɗaya ce aka ƙara a tsawo. Dabbar da za ta yi shekara biyar zuwa bakwai tare da kai ba ka bar ta ita kaɗai saboda inci 14 ba.

Malam Garba: Ki kuma kula da inda za ki ajiye shi Hajiya. Sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, zafi ya fi sanyi kashe su don ba sa gumi, kada ki sa jikin taga inda rana ke bugawa. Kuma kada a haɗa su da zomo ko da kejin ya kai girman ɗaki, shuri ɗaya na zomo ya isa ya raunata su ga cuta da yake ɗauke da ita ba ta nuna a jikinsa.

Maman Hanifa: Allah ya saka da alheri duka, na gode wallahi. Na auna jikin bango akwai wajen santimita 180, zan yi mai 2 sau 5 ɗin. Kafin a haɗa in raba su ne ko in bar su tare?

Anti Kulu: Ki duba jikin ƙaramin, bayansa da kunnuwa da gefen baki. In ba rauni kar ki raba, don maza in aka raba aka sake haɗawa daga farko suke soma rigimar girman. Yau ɗin nan ki kewaye musu wuri a ƙasa da kwalaye ko wani abu, ki shimfiɗa leda da tsohon bargo, ki cire saman kejin ki bar robar a ciki ta zama wajen ciyawa. Amma rashin cin nan ki sa ido, in ya wuni bai ci ba ko kashinsa ya ragu kar ki jira keji, ki kai shi wajen likitan dabbobi, cikinsu ba ya son zama ba komai.

Maman Hanifa: Na duba ba rauni alhamdulillah, gashi kaɗan ne ya tsige a ƙeya. Ummu Aiman robar ƙasan nan gefenta tsawon nawa zan ce a lanƙwasa?

Ummu Aiman: Inci 6 ake yawan yi, kusan santimita 15, yana tare ciyawa da shimfiɗa kar su zubo waje