Ƙananan ƙwarin busasshen kifi masu sheƙi: iri ɗaya ne ko daban-daban?

Ɗaliba daga Samaru: Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a ABU, bincikena a kan ƙwarin da ke ɓata busasshen kifi ne. Na tattaro wasu daga kwalayen tarwaɗa a kasuwar Sabon Gari. Manyan nan baƙaƙe masu farin gashi a ƙasan ciki na gane su, Dermestes maculatus ne. Ƙananan masu sheƙi ne suka ɗaure mini kai. Na san 'yan gidan Necrobia ne, to amma wani shuɗi, wani kore-kore. Iri biyu zan rubuta ko ɗaya? Don Allah a taimaka.

Malami a fannin ƙwari: Wa alaikumus salam. Malama, ki ƙyale launin baya tukuna. Sheƙin nan yana canzawa da yadda haske ya faɗa masa, ƙwaro ɗaya sai ki gan shi shuɗi a inuwa, kore a rana. Ki juya shi rigingine ki duba ƙafafu da gilashin ƙara girma.

In ƙafafun ja ne ko ruwan goro, gindin ƙahonsa (wato 'yan siraran nan biyu da ke kansa) ma ja, amma wuya da fuka-fukai duk launi ɗaya mai sheƙi, wannan Necrobia rufipes ne. Tsawonsa milimita 3.5 zuwa 7, kuma cikin 'yan gidan Necrobia shi ya fi addabar kifi a ƙasar nan. In jan ya hau wuya har ya taɓa kafaɗun fuka-fukai, sauran bayan shuɗi, to ruficollis ne, shi ko ba gilashi za ki gane shi. Na uku violacea, shuɗi ne tun daga kai har ƙasa, ƙafafu da ƙahonni duk sun yi duhu, ba ja ko kaɗan. Tsakaninsa da rufipes ne ɗalibai suka fi rikicewa, don ta sama kusan kamarsu ɗaya.

Af, ruficollis ɗin nan shi ne Pierre Latreille, masanin ƙwari ɗan Faransa, ya tsinta yana tsare a kurkukun Bordeaux lokacin juyin juya halin Faransa, labarin ya kai kunnen masana har aka yi masa hanya ya fita. Ina son ba ɗalibaina wannan labarin.

Mai sayar da kifi a Sabon Gari: 'Yata, mu dai ba mu san sunayen nan ba, amma mai jan ƙafar shi muka fi gani, ga gudun tsiya in an buɗe kwali. Abin da nake roƙonki, ki rubuta a takardarki cewa a daina zuba fiya-fiya a kifi. Abinci ne fa, mutane ke ci. A shanya a rana, a kaɗe, a canza kwali.

Tsohon ɗalibin sashen kare amfanin gona: Ƙanwata, kada ki manta da tsutsotsi. Ta Dermestes gashi ne buzu-buzu a jikinta. Ta Necrobia gashinta kaɗan ne, fara-fara ce mai ɗigon ruwan hoda zuwa shunayya a baya, da 'yan ƙugiyoyi biyu a wutsiya. Kada ki haɗa su a kwalba ɗaya da ransu, don ta Necrobia tana cin 'yan uwanta tsutsotsi, sai lissafinki ya ragu. Ki je wajen masu fata da ƙirgi da inda ake tara ƙashi ma, dukansu suna son wuraren nan.

Ɗaliba daga Samaru: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, shuɗayen da korayen duk jan ƙafa gare su. Guda ɗaya ne ƙafarsa ta yi mini duhu.

Malami a fannin ƙwari: Kada ki yi saurin kiransa violacea. Maiƙon kifi da hayaƙi suna dushe ƙafa. Ki wanke shi a sifirit mai kashi 70, ya bushe, ki sake dubawa har gindin ƙaho. In har yanzu da duhunsa, ki rubuta rana da wurin da kika samo shi, ki kai ɗakin adana ƙwari na Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) nan Samaru a gwada shi da waɗanda aka riga aka tantance.