Bambar roba ta 505 fenti ya ƙi zama, mi ya kamata in saya?

Ɗan Marusa:
Salamu alaikum jama'a. Fijo 505 ce ta mahaifinmu haɗin Kaduna nike gyarawa, bodi an gama fenti ya yi kyau amma bamba ta gaba da ta baya sun ƙi. Mai fentin firamar ƙarfe ya fesa masu ya bi da kala, wata bai cika ba duk ya tsattsage, in ka danna da yatsa sai ya ɓare. Wace firama ake sa ma roba don Allah?

Oga Sani mai fenti:
Wa alaikassalam Alhaji. Matsalar ita ce roba tana lanƙwasa, ta buɗe da zafin rana ta tsuke da sanyin hunturu, shi kuma fentin ƙarfe in ya bushe ƙam yake, dole ya fashe. Ka fara kwance bambar ka duba cikinta, wasu akwai rubutu PP ko PP+EPDM ko PUR, wato sunan irin robar da aka yi ta da ita. In babu, yanki ɗan guntu daga ciki inda ba a gani ka jefa a ruwa. Ya yi sama to dangin PP ce, ita fenti bai kama ta sai an fara fesa firamar roba, wata mai ruwa-ruwa da ake sawa siriri ƙwarai. Ya nutse to galibi PUR ce, ta fi sauƙin kama fenti.

Kuma a kankare tsohon fentin duka, a wanke da omo da ruwan ɗumi har sau biyu ko uku, don man da yara masu wankin mota ke shafa ma taya da bamba akwai silikon ciki, shi ke sa fenti ya yi ramuka kamar idon kifi. Sai samfefa mai lamba 400 zuwa 600 a hankali, kada a zuba tina mai ƙarfi bisa roba tsirara, kumbura ta take. Bayan nan, in PP ce a fara fesa firamar robar, sai firama mai hadina, wato maganin da ke sa ta ƙame, a zuba sinadarin da ke sa fenti laushi a cikinta da cikin kiliya, wato fentin ƙyallin da ake bi da shi a ƙarshe, gwargwadon abin da aka rubuta jikin gwangwanin, ba da ƙiyasi ba.

Baban Khalifa:
Ni dai da za ka ji tawa ka bar ta baƙa. Tsohuwar mota in aka yi ma bambarta kalar bodi sai ta koma wata iri. Akwai baƙin fenti na roba mara ƙyalli, shi zan sa.

Ɗan Marusa:
Wallahi nima na fara tunanin haka. Oga Sani akwai wani wuri da ya ɗan tsage, fila za ta yi?

Oga Sani mai fenti:
A'a ranka ya daɗe, filar fanabita ta ƙarfe ce, rami ɗaya za ka faɗa hanyar Jibiya ta zubo. Akwai ta roba mai haɗi biyu, a toshe ta baya tukuna. In ba ka samu nan Katsina ba ka aika kasuwar Ƙofar Ruwa Kano. Baƙin ma da Baban Khalifa ya ce sai an bi duk wankin nan. Kuma yanzu ƙura ta yi yawa, a yayyafa ruwa ƙasan garejin a fesa da safe, a bar ta ta bushe sosai kafin a ɗaura don mai laushin nan ya fi jinkirin bushewa.