Rigar matan Baikin: ɗaya ta tarihi, ɗaya ta almara, ta ina zan fara?

Maman Iman

Assalamu alaikum ’yan zaure. Shawarar masu ɗinki nake nema, da ta masu karatun tarihi, don abin ya haɗa biyun.

A York muke zaune, arewacin Ingila, shekara ta huɗu ke nan. Garin nan ba abin da suke tinƙaho da shi kamar tarihin Baikin, mutanen nan na Denmak da Norwe da Siwidin masu dogayen jiragen ruwa, waɗanda suka ci garin a 866. Duk watan Fabrairu sai an yi musu biki, ka ga ƙatti da gemu da garkuwa suna yawo a tsakiyar kasuwa. Bana makarantar su Iman, ’yata mai shekara 9, ta ce kowane yaro ya zo da shigar Baikin. Da yayarta mai shekara 15 ta ji, sai ta ce ita ma za ta bikin gari, amma ita shigar mayaƙiya take so irin ta fim, kwalli har kunne, gashin dabba a kafaɗa.

Na yi son banza na saya ta intanet, fam 18. Da kaya suka iso sai ga riga iya gwiwa, yadin roba mai ƙyalli, da hula mai ƙaho biyu kamar ta bijimin layya. Iman na gani ta fashe da kuka, wai malamarsu ta ce Baikin ba su taɓa sa ƙaho ba, za a yi mata dariya. Na mayar, har yau kuɗina bai dawo ba.

Ina da keke a gida, ina taɓa ɗinki daidai gwargwado, kuma saura mako uku. Wane yadi zan nema, yaya ake yankan, kuma waɗannan ƙoƙunan tagulla biyu da nake gani a ƙirjin matan, ado ne ko aiki suke yi? Sannan yarana duka suna rufe kai, ban sani ba ko hijabi zai ɓata shigar. Ita kuma babbar, ya zan yi mata ta almarar ba tare da ta fito kamar ’yar tashe ba?

Ɗalibi a Uppsala

Wa alaikumus salam Hajiya. Malamar Iman ta yi gaskiya. Kwalkwalin da aka tono a Gjermundbu ta Norwe a 1943 ba shi da ƙaho. Masu zanen kayan wasan opera na Jamus ne suka yaɗa ƙahon nan, musamman wasan da aka yi a Bayreuth a 1876.

Shigar mace riga biyu ce. Ta ciki doguwa ce har idon sawu, mai dogon hannu, yawanci ta lilin. Ta sama kuma ba ta da hannu: tana farawa daga saman ƙirji, ta zagaye jiki a ƙarƙashin hammata, igiyoyin kafaɗa ne ke riƙe da ita. Ƙoƙunan nan da kika gani su ne maɓallanta. Kowane ɗaya tsayinsa kamar santimita 10, zubin tagulla, bayansa ya yi tozo, shi ya sa ake ce musu masu siffar kunkuru. A cikinsa akwai fil na ƙarfe. Doguwar igiya mai lauje tana tahowa daga baya ta haura kafaɗa, gajera tana fitowa daga gaban riga, sai fil ɗin ya ratsa su biyun, ƙoƙon ya rufe mahaɗar. In kika cire su riga ta zube.

Abin da ya kamata ki sani don hankalinki ya kwanta shi ne, ba a taɓa samun rigar nan cikakkiya ba. Ƙyallaye ne kawai. A Birka, wani tsohon gari a tsibirin tafkin Mälaren nan Siwidin, tsatsar tagulla ce ta adana guntayen igiyoyin da ke cikin ƙoƙunan, kuma daga su Agnes Geijer ta yi nazarinta da ya fito a 1938. A Hedeby, kusa da Schleswig ta arewacin Jamus, an samu tsumman riga a tashar jiragen ruwa, an riga an mai da shi abin shafa wa jirgi kwalta, kuma an ga alamar an tsuke ta ta bi jiki. A Køstrup ta Denmak an samu gaban riga na shuɗin ulu mai ’yar tattara siriri-siriri tsakanin ƙoƙunan biyu. Don haka ko kin yi mai sakakken jiki, ko mai ɗan tsuki, ko mai tattara a gaba, kina da hujja.

Batun rufe kai, ai a garinku ma aka samu amsar. A tonon Coppergate, wanda aka yi daga 1976 zuwa 1981, an samu ’yar hular mace ta siliki: ƙyalle ne mai kusurwa huɗu aka ninka, aka ɗinke baya, da wurin igiyar ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa. An samu irinta a Dublin. Ki sa mata farin hijabi marar ado, ki ɗora hular a kai.

Launi kuwa, shuɗi da ja da rawaya da ruwan ƙasa duk akwai. Ki guji baƙi wuluk da duk wani abu mai ƙyalli. Auduga ba tasu ba ce, ulu da lilin suke saƙawa, siliki kuma sai dai a yanka shi siriri a bi bakin wuya da hannu, don tsadarsa.

Tela Mai Keke, Kano

Malam ya gama da tarihi, bari in shigo da almakashi. Hajiya, na duba hotunan, kuma wallahi yankan rigar cikin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Yankan mutanen da ne masu saƙa da hannu, waɗanda ba sa yarda ko ɗan yatsa na yadi ya tafi a banza. Duk miƙaƙƙen layi ne, babu lanƙwasa sai a wuya.

Ki auna ƙirjin yarinyar, ki ƙara inci 4, ki raba biyu: faɗin gaba da na baya ke nan. Tsayi daga kafaɗa zuwa idon sawu, ki bar na kalmasa. Hannu miƙaƙƙe, ya ɗan tsuke wajen wuyan hannu. Sai ki yanka ƙyalle murabba’i, inci 3 ko 4, ki ninka shi ki sa a hammata. Kada ki raina shi, shi ne zai bar ta ta ɗaga hannu ba tare da ɗinki ya ɓarke ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa ki tsarga dogayen ƙyallaye masu kusurwa uku a gefe da gefe, su za su ba ta buɗewa. Yadi biyu da rabi ya ishi mai shekara 9. Babu zif, babu roba, tsaga kawai a wuya.

Ta saman ta fi sauƙi: bututu ne daga hammata zuwa ƙwauri, ta fi ta ciki gajarta da kamar taƙi ɗaya don farin ya leƙo. Igiyoyin ki ninka yadin sau huɗu ki bi da ɗinki, su fito siriri kamar kirtani mai kauri. Kuskuren da na ga mutane suna yi a hotuna shi ne su yi igiya mai faɗi kamar ta jakar makaranta, sai rigar ta koma ta masu aikin kicin.

Inda zan saɓa da Malam shi ne batun auduga. Yarinya ce, yini ɗaya za ta sa, in kika samu farin akoko mara sitati ki wanke shi sau biyu ya yi laushi, daga nesa ba mai bambanta shi da lilin. Kuɗin ki ajiye wa ta sama. Ita ce ido ke fara gani.

Ɗinkin ciki ki yi da keke, amma kalmasar wuya da bakin hannu ki zauna ki yi da allura, da zare mai wani launi daban. Aikin dare ɗaya ne, kuma shi ke raba ta da ta kanti.

Ɗalibi a Uppsala

Na yarda da kai Maigida, ga yarinya akoko ya wadatar. Kuma tun da daga Kano kake, ga wani abu: shuɗinsu daga wani ganye ne da ake nomawa a Turai, amma sinadarin da ke rina yadin shi ne dai wanda ke cikin babanmu na marinar Ƙofar Mata. Yadin da ya sha baba sau biyu ko uku, ba wanda aka buga ya yi sheƙi ba, launin nan ne sak.

Na manta duwatsu. Tsakanin ƙoƙunan biyu ake rataya tsarkiyar duwatsun gilashi masu launi-launi, da na ƙaro mai ruwan zuma, da jan dutse irin tsakiya. Tsarkiya ɗaya ko biyu ta isa. Daga ƙoƙunan kuma ake saukar da kayan aiki da sarƙa ko igiya: mabuɗi, ’yar wuƙa, almakashi, gidan allura. Ahmad bin Fadlan, wanda halifan Bagadaza ya tura cikin tawaga, ya haɗu da ’yan kasuwarsu a bakin kogin Volga a 922, ya kuma rubuta cewa kowace mace tana da wani ƙoƙo na ƙarfe ko azurfa ko tagulla ko zinariya a ƙirjinta gwargwadon arzikin mijinta, da wuƙa rataye a jiki. Ya ce koren dutse suka fi so, har dirhami guda suke sayen ƙwaya. Wuƙa dai kada ta kai ta makaranta. Tsohon mabuɗi ya isa.

Anti Mai Kwalliya

Maman Iman, ni ta babbar zan yi magana, don ina ɗinka wa ’yan wasan kwaikwayo kaya, na kuma san halin ’yanmata. Kada ki ɗinka mata wani abu daban. Ki yi mata rigunan nan biyu dai irin na ƙanwarta, sai almarar ta hau kansu. In tushen ya yi kyau, duk abin da kika ɗora zai zauna. In tushen roba ne, ko zinariya kika sa, ’yar tashen da kike tsoro ita za ta fito.

Ta ciki ki yi ta toka-toka mai duhu, ta tsaya a ƙwauri, da wando a ƙasa da takalmi sau-ciki mai tsayi marar tsini. Faffaɗan bel na fata a ƙugu, da wani siriri a kansa mai ’yar jaka. Mayafin ulu mai nauyi a kafaɗa, a kama shi da babban fil a gefen dama. Gashin dabbar nan, na jabu, ki sa a wuyan mayafin kaɗai. Mutane suna zuba shi a hannu da ƙafa da ƙugu har mutum ya koma tunkiya. Abu ɗaya ya kamata ya ɗauki ido, ko garkuwa ko mayafi, ba duka ba. Garkuwa kwali mai kauri ninki uku, da’ira, a manna ’yar tasa a tsakiya, a yi fenti kala biyu.

In wani mai gemu ya tare ta da cewa mata ba sa yaƙi, ta gaya masa kabarin Birka mai takobi da gatari da dawakai biyu, wanda aka daɗe ana cewa na namiji ne, gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna a 2017 cewa mace ce. Kwallin ma yana da ɗan tushe, don Ibrahim bin Yaƙub na Andalus da ya je Hedeby a ƙarni na 10 ya ce maza da matansu suna yi wa ido kwalliya. Amma bai ce har kunne ba, wannan na fim ne. Ki bar ta ta ranbaɗa a ido, ta ja layi ɗaya a kunci, shi ke nan.

Ƙoƙunan kuma kada ki sayi na tagulla don yini ɗaya. Ki nemi ƙwan roba irin mai rabewa biyu ta tsaye, ko ki lulluɓe bayan babban cokali da takarda da gam ta bushe. Ki ɗiga gam mai kauri a kai ya yi ƙulu-ƙulu, fenti ruwan tagulla, sai ki goga ɗan baƙin man takalmi ya shiga lungu. Fil a ciki. Amma ki ɗinke igiyoyin da juna a ƙasa tukuna, kada ki dogara da gam, don yara gudu suke yi.

Maman Iman

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na dawo da rahoto.

Na samu tsohon bargon ulu shuɗi a shagon gwanjo, fam 6, ya fitar min da rigar sama ta Iman har da ragowar jaka. Akokon ban samu ba, sai na sadaukar da wani farin zanen gado. Malam Tela, ƙyallen hammatan nan sai da na farke shi sau uku, domin na dinga sa shi a miƙe maimakon a karkace, sai a na huɗu ya zauna. Ƙoƙunan na cokali na yi, na farko ya lotse, na biyu da na uku sun fito har babansu ya ɗauka ƙarfe ne sai da ya ƙwanƙwasa. Duwatsun kuwa wani tsohon abin wuyana na tsinke, na tsince masu ƙyalli na bar kore da ja da ruwan zuma. Jiya ta gwada, ta ƙi cirewa har sallar isha, tana ta kaɗa mabuɗin tsohon gidanmu na Zariya a ƙirji.

Ta babbar na yanka ban haɗa ba tukuna. Mun yi rigima kan gashin dabba, ita kafaɗa biyu take so, na ce wuya kawai, mun tsaya a wuya da bakin takalmi. Anti, tambaya ɗaya ta rage: mayafin nan in ta ɗaga garkuwa sai ya zame baya ya shaƙe ta. A ciki zan kama shi da rigar, ko fil ɗin ne na sa a inda bai dace ba?