Wace kalma za mu ba materialism a Hausa?

Jama'a ina neman taimako. Kwana biyu ina ƙoƙarin yi wa ƙanena bayanin wata waƙar Janis Joplin, mawaƙiyar blues rock 'yar Texas ta Amurka, sai na maƙale a kalma ɗaya, materialism. Waƙar sunanta Mercedes Benz, ta ɗauke ta ranar 1 ga Oktoba 1970, kwana 3 kafin rasuwarta tana da shekara 27. Babu jita babu ganga, muryarta ce kawai. A ciki tana roƙon Ubangiji ya saya mata Marsandi saboda ƙawayenta duk Porsche suke hawa, sannan ta roƙi talabijin mai kala. Wanda bai sani ba sai ya ce addu'a ce, alhali habaici take wa mutanen da suka mai da addu'a takardar cefane.

Wani ɗan'uwa ya ce min ai jari-hujja ne. A'a yayana, jari-hujja tsari ne na tattalin arziki, maganar wa ya mallaki masana'anta wa yake ƙwadago. Abin da Janis take zagi a zuciya yake, talaka ma da bai da ko kwabo zai iya fama da shi.

Wani Malam kuma ya ce son abin duniya, kuma wallahi Malam wannan ita ce ta fara zuwa min, kowa ya san ta, ko yaro ka gaya wa zai gane. Amma ku duba dalilin da ta bayar a waƙar, ba ta ce tana son motar don daɗinta ko don ta kai ta wani wuri ba, cewa ta yi ƙawayenta suna da ita, wato in ba ta da irinta ta zama ba kowa ba a cikinsu, kuma nan ne son abin duniya ya gaza, domin mutum zai iya son kuɗi sosai amma bai raina maras shi ba, shi ko wannan ciwon auna mutum yake da abin hannunsa, har ya auna kansa ma da shi.

Shi ya sa nake ba da shawarar dukiya-hujja. Mun riga mun saba da ginin jari-hujja, kunne ba zai ƙi ta ba. Dukiya ce hujjarka, ita ce shaidar cewa kai mutum ne. "Ɗan dukiya-hujja ne" ta zauna a baki.

Sai ɗaya ɓangaren, ƙin abin. Wata 'yar'uwa ta kawo gudun duniya ko zuhudu, nan kam ban yarda ba ko kaɗan. Mai zuhudu lahira yake hange. Ita Janis tana da Porsche nata na kanta da aka yi wa fenti kala-kala, ba ta guji duniya ba, ta dai ƙi a ce motar ce ita. Kuma kar mu manta blues daga baƙaƙen fatar kudancin Amurka ya fito, jikokin bayi masu noman auduga a Misisipi, mutanen da aka taɓa sa wa kakanninsu farashi a kasuwa. In waƙar da ta samo asali daga can ta ce mutum ba kaya ba ne, maganar tana da nauyi. Don haka ƙin abin, wato 'yancin da ake nufi a irin waɗannan waƙoƙi, ni sakewa zan kira shi, ka fita daga ma'aunin mutane.

Ni dai a fassarar da zan ba ƙanena dukiya-hujja zan sa, in ana maganar kwaɗayi kawai kuma in bar wa Malam son abin duniyarsa. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fassaro ta daga Faransanci, me kuke ce mata a can?