"Ni ba baƙon haure ba ne": rigimar lasin tuƙi a zauren 'yan gida na Amurka

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri, yau raina a ɓace yake. Sau uku ke nan ina zuwa ofishin lasin tuƙi na garin nan ana juyo ni. Ta filin jirgi na shigo da bizata, na yi aure, maiɗakina 'yar ƙasa ce, ta cike mini, mun tura I-485, takardar neman zama na dindindin, wata 4 da suka wuce, ga rasit ɗin I-797C a hannuna. Zuwan farko aka ce na'ura ba ta gan ni ba. Na biyu aka ce sai na kawo katin izinin aiki, wanda shi ma jiransa nake. Yau matar ko duba takardar ba ta yi ba. Maiɗakin aikin dare take yi, da safe ni ke raka yarinya makaranta a ƙasa, garin kuma bas sai ka yi awa kana jira. Alhali doka ta ce duk wanda takardarsa ke gaban hukuma DOLE a ba shi lasin, ko a wace jiha yake. Ni ba baƙon haure ba ne da za a riƙa yi mini kallon banza.

Hajiya Mai Fura: Wa alaikumus salam. Sannu ɗan nan, Allah Ya kawo sauƙi.

Ɗan Maraɗi: To su wa ne baƙin hauren, Malam?

Ɗan Fagge: Ban kama sunan kowa ba.

Ɗan Maraɗi: Ba sai ka kama ba. Zauren ga kowa ya san wanda ya biyo ta Nikaraguwa da Meziko. Wato mu ne ya halatta a yi ma kallon banza, kai ne ɗan gata mai jirgi.

Injiniya: Kai ma dai Ɗan Maraɗi. Hausa ce fa. Baƙon haure shi ne wanda ya haura, wato ya tsallake katanga. Wanda aka buga wa tambari a fasfo a filin jirgi, ta ƙofa ya shigo. Ina abin jin haushi a nan?

Ɗan Maraɗi: Ni ban haura katangar kowa ba. Da ƙafata na je na miƙa kaina ga jami'an iyaka, na ce mafaka nike nema. Aka ɗauki hoton yatsuna, aka ba ni ranar kotu. Wanda ya yi sallama ya shigo da wanda aka ce ma ya kwana uku ya shimfiɗa tabarma ya ƙi tashi, wane ne ya fi? Malam na Fagge, bizarka ta wata nawa ce? Tana da rai ranar ɗaurin auren?

Ɗan Fagge: Wannan ba huruminka ba ne.

Ɗan Maraɗi: Na samu amsa.

Yaron Zango: Hahaha, gwano ba ya jin warin jikinsa.

Anti Nas: Don Allah ku dakata. Ƙanena na Fagge, rabin maganarka daidai ne, rabi ba haka ba. Gwamnatin tarayya ba ta ba da lasin, jiha ce ke bayarwa, kuma kowace da jerin takardun da take karɓa. Abin da dokar REAL ID ta 2005 ta yi shi ne ta lissafa mutanen da jiha za ta iya ba lasin na wucin gadi mai tauraro, wato irin wanda hukumomin tarayya ke karɓa. A cikinsu akwai wanda I-485 ɗinsa ke jira, akwai kuma wanda neman mafakarsa ke jira. Ka ga kai da Ɗan Maraɗi layi ɗaya kuke. In zamanka ba shi da ranar ƙarewa a rubuce, na shekara 1 ake bayarwa, ka riƙa sabuntawa. Amma "za ta iya" daban, "dole" daban. Jihohi da yawa ba sa motsi sai sun ga katin izinin aiki.

Injiniya: Anti, a'a, ba layi ɗaya suke ba. Shi an duba shi an shigar da shi, shi ya sa ma ya iya cike I-485 daga cikin ƙasa. Wanda ya tsallako, ko ya auri 'yar ƙasa, abin ba ya zuwa masa da wannan sauƙin.

Anti Nas: Wannan gaskiya ne a ofishin shige da fice. Ni maganar lasin nake yi.

Ɗan Maraɗi: Ni dai ga farmina a aljihu. Na cike takardar mafaka, na jira kwana 150 na nemi katin aiki, ya zo, na tahi ofishi nan Girinsboro aka ba ni. Baƙon haure yana tuƙi, ɗan gata yana tafiya a ƙasa. Ikon Allah.

Yaron Zango: Mene ne farmi kuma? Gona?

Ɗan Maraɗi: Abin da ku kuke ce ma lasin. Ku Ingilishi ya raina, mu Faransi.

Malam Na Zariya: Lasisi ne daidai. Lasin bakin 'yan tasha ne.

Ɗan Fagge: Malam, a Kano lasin muke cewa tun kakanni.

Malam Na Zariya: Kakanninka jaki suke kora, ina suka ga lasin?

Hajiya Mai Fura: Kai jama'a! Mutum ya zo da damuwarsa.

Malam Na Zariya: To a koma kan haure. Ni a fahimtata kalmar ba ta tsufa a bakin mutane ba, gidajen rediyo ne suka yaɗa ta wajen labarin masu tsallaka teku zuwa Turai. Mu da muka tashi, ɗan ci-rani muka sani. Ci-rani kuwa ba zagi ba ne, mutum ya bar gida bayan kaka ya nemo na tuwo, damina ta faɗi ya koma. Duk wanda ke zauren nan ɗan ci-rani ne, sai dai daminarmu ta ƙi faɗuwa.

Injiniya: Malam, ci-rani ba ya rarrabe mai takarda da marar takarda. Dole a sami kalmar da ta rarrabe.

Ɗan Maraɗi: Don mi dole? Don ku ji daɗi? Mu mutanen Nijar shekara da shekaru muna zuwa Kano da Legas ci-rani, sunan da kuke kiranmu mun san shi. Yanzu mun haɗu a ƙasar da ku ma sai an duba fasfonku sau biyu, amma halin bai sake ba.

Injiniya: Yawwa, dama abin da ke cinka ke nan.

Yaron Zango: Ku 'yan Najeriya haushi ne ke cin ku. Tun 2013 aka cire ku a cacar biza, mu Gana da Nijar aka bar mu a ciki. Ni caca na ci, sati na na farko girin kad na, katin zama na dindindin, yana hanya. A cikin ku duka ni kaɗai ne ba baƙon komai ba.

Injiniya: An cire mu ne saboda mun yi yawa, waɗanda suka samu zama cikin shekara 5 sun haura 50,000. Ba laifi muka yi ba.

Ɗan Maraɗi: Ka ji, da bakinka ka ce kun HAURA.

Yaron Zango: Wayyo cikina.

Alhajin Bironkis: Ni ne mai kula da zaure, a bi a hankali. Ɗana na Fagge, wahalar da kake sha kai ka so. Tun Disambar 2019 dokar Girin Layit ta fara aiki a jihar Niyok. Ba a tambayarka matsayinka. Fasfonka na gida mai rai, shaidar inda kake zaune, ka haɗa maki 6 na shaida, in ba ka taɓa samun lambar soshiyal ba, wato lambar da gwamnati ke ba mai izinin aiki, ka sa hannu a takardar cewa ba ka da ita. Ka ci ta rubutu, ka zauna darasin awa 5, ka yi gwajin titi. Shi ke nan. Ka taho, surukina yana da makarantar koyon tuƙi, adireshi kuma ba zai gagara ba.

Anti Nas: Alhaji, ranka ya daɗe, ban da wannan ta ƙarshen. Mutumin da takardar aurensa ke gaban hukuma, ya rubuta musu cewa gida ɗaya yake da matarsa a wata jiha, sai a ga lasin ɗinsa da adireshin Bironkis ta Niyok? Ranar ganawa abin da za su fara kamawa ke nan. A kan lasin ya rasa girin kad.

Alhajin Bironkis: 'Yata, shekara 27 nake ƙasar nan. Kin zo kin same ni.

Anti Nas: Na sani Alhaji, ban musa ba. Amma adireshin aro ƙarya ce a takardar gwamnati.

Injiniya: Kuma wancan lasin na Niyok ai na baƙin haure ne. An rubuta a jikinsa cewa ba na harkar tarayya ba ne. Tun 7 ga Mayun 2025 ba ya wadatarwa a filin jirgi.

Alhajin Bironkis: Ƙarya ne a ce nasu ne su kaɗai! Haifaffun ƙasar nan da yawa irinsa suke riƙe da shi, duk wanda bai nemi mai tauraro ba shi ake ba shi. Da gangan aka yi shi iri ɗaya don kada a gane wane ne wane. Jirgi kuma ka hau da fasfonka.

Ɗan Maraɗi: Ya sake faɗin kalmar, Alhaji, ba ka ce masa komi ba. Da ni ne da tuni an yi mini gargaɗi.

Hajiya Mai Fura: Ni ɗan ƙanwata a Kalifoniya yake, tun 2015 suke bayarwa ba tambaya. Amma an ce in ka shiga Fulorida da shi kama ka za a yi.

Injiniya: Dokar 2023 ce. Lasin ɗin da wata jiha ta keɓe wa marasa takarda kaɗai, shi suka ce ba su yarda da shi ba. Kuma sun yi daidai. Ƙasa sai da doka.

Yaron Zango: Injiniya ya fito fili. Jar hular magoya bayan Trump ce a jakarsa.

Injiniya: Ni ko ƙuri'a ba ni da ita.

Anti Nas: Tunda an ambaci ƙuri'a: ƙanena, duk ranar da ka koma, a takardar lasin ko a allon da za ka danna akwai tambayar ko kai ɗan ƙasa ne, da ko kana son rajistar zaɓe. Ka karanta da kyau, ka ce A'A. Wanda ya ce shi ɗan ƙasa ne alhali ba haka ba, ko da ganganci ne na gaggawa, yana iya rufe wa kansa ƙofar girin kad har abada. Kuma maganar "na'ura ba ta gan ka ba", tsarin SAVE ne na tantance matsayin baƙi, na hukumar shige da fice ta USCIS. In dubawar farko ba ta fito da kai ba, akwai ta biyu da ofishin zai tura, takan ɗauki kwanaki ko makonni. Ka nemi shugaban sashen cikin ladabi, ka ce a tura ta biyun, a ba ka lambar bibiya. Ka buga jerin takardun da jiharku ta wallafa ka tafi da shi. In jerin ya ce sai katin aiki, to sai haƙuri har ya iso. Kada ka taɓa sitiyari kafin nan.

Malam Na Zariya: Haure kuma yana nufin haƙorin giwa. Ke nan baƙin haure da ƙ mai lanƙwasa, in ba a lura ba, sai a ɗauka giwa ce haƙorinta ya yi baƙi.

Ɗan Maraɗi: Malam ana maganar mutuncin mutane kana maganar giwa. Akwai wanda muka taso tare bai iso ba. Ku da kuka zo kuna cin shinkafa a jirgi ba ku san komi ba.

Hajiya Mai Fura: Allah Ya jiƙansa.

Ɗan Fagge: Allah Ya jiƙansa. Amma ni ban zagi kowa ba, kuma ba zan janye ba, don ni ba shi ba ne.

Ɗan Maraɗi: Ba shi ba ne WA? Ka ga ka ƙara.

Injiniya: Kai dai ka biya dala 200 na adashin watan jiya kafin ka koya wa mutane mutunci.

Ɗan Maraɗi: Na ba Alhaji a hannu ranar suna! Alhaji ka yi magana.

Alhajin Bironkis: Maganar adashi ba a nan ba. Na rufe wannan batu, ga abin da aka tsayar. Ɗan'uwanmu na Fagge an zalunce shi, kuma kowa ya yarda yana da gaskiya. Kalmar da ya faɗa Hausa ce, Injiniya da Malam sun yi bayaninta, wanda ya ji ta taɓa shi ya yi haƙuri, zaure ba wurin kawo fushin hanya ba ne. An kuma tabbatar cewa Niyok ta fi ko'ina sauƙi, mai bukata ya same ni ta gefe. 'Yarmu Nas ta kawo wasu bayanai, mun gode, amma zama da daɗewa ma ilimi ne. Daga yau duk wanda ya sake kawo maganar Nijar da Najeriya zan cire shi, musamman wanda ya fara.

Ɗan Maraɗi: Wa ya fara?

Anti Nas: Alhaji, ban ce yana da gaskiya a kan "dole" ba.

(Ɗan Maraɗi ya fita daga zauren)

Yaron Zango: To ya haura katanga ya fita.

Ɗan Fagge: Anti, lambar bibiyar nan, su za su ba ni ko ni zan nema a intanet? Kuma in tafi da maiɗakina ko ni kaɗai?

Hajiya Mai Fura: Akwai fura da nono ranar Juma'a bayan masallaci, mai so ya faɗa tun yau.