Na yanka shaddar mutum da awon wani, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Kano, shekarata 6 da buɗe shago. Shekaranjiya wajen ƙarfe 2 na dare na ɗauko shadda yadi 5 ta wani Alhaji, dogo sosai, na yanka ta da awon wani yaro ɗan makaranta. Sai da na zo haɗa kafaɗa na lura, inci 7 ne ya ɓace a tsawon rigar. Ba yau farau ba, bara ma na ƙone wuyan kaftani da dutsen guga ina amsa waya. Duk azumi haka nake, ɗinki har rufi, barci awa 3, sallar tarawihi ma sai dai in ji ta daga lasifika. Alhajin bai sani ba tukuna. In faɗa masa, ko in yi dabara? Kuma yaya zan yi da wannan garajen nawa?

Tsohon tela: Wa alaikumus salam, ɗana. Dabarar me? Za ka yi wa shadda ƙari a gindi ka ce sabon yayi ne? Na fi shekara 30 a kan keke, duk ɓarnar da na taɓa yi bayan isha'i na yi ta. Ɗinki in ya karkace a farke, amma abin da almakashi ya ci ya tafi ke nan. Saboda haka yanka da safe nake yi, da dare sai haɗi da kalmasa. Sannan ka daina rubuta awo a guntun takarda ko bayan kwali. Sayi littafi, kowa da shafinsa, ka yanko ɗan ƙyalle daga yadinsa ka maƙale a shafin. Kafin ka sa alli, haɗa ƙyallen da yadin ka gani.

Malamin islamiyya: Malam, ka fara da haƙƙin mai kaya. A wajen malaman Malikiyya, mai sana'a shi ke lamunce abin da aka ba shi ya tafi da shi ya yi aiki a kai, in ya lalace a hannunsa. Biya ya hau kanka, sai in ya yafe. Batun gaggawa kuwa, Allah ya faɗa a Suratul Isra'i, aya ta 11, cewa mutum mai gaggawa ne. Manzon Allah (SAW) kuma ya yaba wa Ashajju, na ƙabilar Abdul Ƙais, da halaye biyu da Allah yake so: haƙuri da natsuwa.

Wata uwa: Ni dai ɓangaren masu kawo ɗinki nake, kuma kar ka ji haushi ƙanena. Ku teloli ba ku iya cewa "na cika" ba. Da goman azumi shago ya cika, amma ranar 25 ma karɓa kuke, ana cewa "insha Allahu jajibere". Mu sha zarya, ku sha zagi. Ba a tauna taura biyu. Telan yarana da 10 ga azumi yake rufe karɓar aiki, shi ya sa tun Sha'aban nake kai masa.

Abokin sana'a: Wayar fa? Ka ajiye ta a aljihun tebur in za ka yanka ko za ka yi guga. Ka yanko ƙyallen shaddar ka shiga Kantin Kwari da rana, kalar ba ta fitowa daidai a hasken lantarki.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, na sayi littafin. Na je wajen Alhaji bayan la'asar, ya yi faɗa sosai, daga baya ya ce in sayo irinta, shi kuma zai karɓi wadda na ɓata a ƙarasa wa ɗansa, mu raba asarar. Hajiya, yau mutum 4 na mayar da kayansu, ɗaya har ya ce na fara girman kai. Wanda ya san layin da ake samun Getzner ruwan toka mai duhu a Kwari ya taimaka min, gobe da safe zan shiga.